Raunin da Ba Ya Zubar da Jini: Sojojin Bama da Tarihin Taɓin Hankali a Aikin Soja

Gabatarwa

A cikin shekarar 1944 Gwamnatin Turawa ta karɓi wani tsohon gidan kurkuku da ke Lantoro, a garin Abeokuta, ta mayar da shi wurin tsare masu taɓin hankali. Abin da ya jawo wannan shawara shi ne sojojin da aka fara komowa da su daga yaƙin Bama, waɗanda in an duba jikinsu ba a ganin harbi ba a ganin sara, amma hankalinsu ya gushe. Daga wannan gida ne asibitin Aro ya tsiro, watau asibitin da daga baya ya yi suna a duniya wajen kula da ciwon ƙwaƙwalwa. Ashe ke nan tarihin wannan fanni na likitanci a Nijeriya yana da jijiya a cikin bariki, ko da yake ba kasafai masu rubuta tarihin soja ko masu rubuta tarihin asibiti suke haɗa abubuwan biyu ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin wahalar aiki da ta faɗa wa sojojin Rundunar Afirka ta Yamma, musamman na Nijeriya, da yadda hukuma ta fahimci wannan wahala, da kuma yadda jama'ar da suka fito daga cikinta ta karɓe su. Batun ya shafi masu nazarin harshe da al'ada kai tsaye, domin Hausa ita ce harshen wannan runduna shekara da shekaru, kuma wani babban ɓangare na matsalar ya ta'allaƙa ne a kan kalmomi, watau sunan da aka ba ciwon da wanda aka hana shi.

Yadda aka ƙera "Bahaushen soja"

Tun 1863 Kyaftin John Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, akasarinsu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu. Daga irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi, da wadda aka kafa a hannun Lugga a 1897, aka haɗa Rundunar Afirka ta Yamma. Turawa sun zo da wani ra'ayi da suka ɗauko daga Indiya, cewa akwai ƙabilun da aka halitta don yaƙi, akwai kuma waɗanda ba su dace da shi ba. A Nijeriya mutanen Arewa aka jefa a kashin farko. Sai dai kalmar "Bahaushe" a bakin hafsan Bature ba ta nufin abin da take nufi a Kano ko Katsina. Duk wanda ya fito daga Arewa, yana jin Hausar bariki, to Bahaushe ne, ko da Batibi ne, ko Badakkare, ko Babachame, ko Bazabarme, ko mutumin ƙasar Cadi. Sau da yawa ma sunan garinsu ake liƙa masa ya zama sunan mahaifi a takarda. Wannan gauraye shi ya haifi Barikanci, ya kuma bar wa Hausa kalmomi irin su kurtu, kofur, saje, samanja, fareti da gadirum.

Yabon da aka yi wa wannan soja yabo ne mai ƙaya. An ce jarumi ne, mai biyayya, mai jure yunwa da tafiya, mai fara'a, ba ya dogon tunani. Duk wanda ya dubi jerin nan da kyau zai ga cewa sifa ta ƙarshe ita ce ta rufe ƙofa, domin mutumin da aka yanke cewa ba ya tunani ba za a taɓa zaton tunani zai kayar da shi ba. A kan wannan fahimta aka gina tarbiyyar bariki. An daina yi wa sojan Ingila bulala a bakin aiki tun 1881, amma sojan Afirka ya ci gaba da shan ta, ana ta muhawara a kanta har zuwa 1946. Har gab da Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ba takalmi yake fareti.

Ya kamata a faɗi gaskiya, al'adar da sojan ya taso a cikinta ita ma ta taimaka wajen rufe bakinsa. A cikin nazarin da Kirk-Greene ya yi a 1974 game da mutumin kirki a wurin Hausawa, haƙuri da kunya suna cikin manyan sifofin da ya lissafa. Namiji ba ya raki, ba ya kuka a gaban mutane, yaron da ya yi ihu a hannun wanzami ma abin gori ne. Saboda haka abin da hafsa ya gani ya kira rashin jin zafi, a haƙiƙa horo ne na ɓoye zafi, kuma tsakanin abubuwan biyu akwai tazara mai nisa.

Abin da Turai ta koya a kan 'ya'yanta

A watan Fabrairu na 1915 wani likita, Charles Myers, ya buga bayani a kan wasu sojojin Ingila da aka kwaso daga Faransa, sun daina gani sosai, ko jin ƙanshi, ko tuna abin da ya wuce, alhali babu rauni a jikinsu. Ya kira abin da sunan da za a iya fassarawa da razanar harsashin igwa, don da farko an zaci girgizar fashewar harsashi ce take taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a daɗe ba aka lura cewa har wanda bai kusanci inda igwa ta faɗa ba yana kamuwa. Kafin yaƙin ya ƙare rundunar Ingila ta ga wajen mutum 80,000 masu irin wannan ciwo. Duk da haka an harbe sojoji 306 bisa laifuffuka irin su gudu da ragwanci, ba a kuma yafe musu ba sai a 2006. Likitoci irin su Rivers a asibitin Craiglockhart sun gwada magani ta hanyar zama da majinyaci a saurare shi, Ba'amurke Thomas Salmon kuma ya tsara ƙa'idar da aka daɗe ana bi, watau a kula da mutum kusa da fagen fama, nan da nan, tare da sa masa rai cewa zai warke ya koma cikin 'yan'uwansa.

Wani abu da ya kamata a riƙe daga wannan zamani shi ne yadda aka raba sunan ciwon bisa daraja. In hafsa ne ya kamu, akan ce gajiyar jijiya ce ta mai ɗaukar nauyi. In farabiti ne, ɗan talakawa, wanda ciwon ya fito masa ta hanyar bebantaka ko shanyewar ƙafa ko karkarwa, sai a ce histiriya ce. Za a sake gamuwa da wannan rabo a nan gaba, amma a kan launin fata.

A daidai wannan lokaci sojojin Nijeriya suna yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan aka kwashe su zuwa Afirka ta Gabas. A farkon 1917 damina ta rutsa da su a bakin kogin Rufiji, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, har ta kai ga cin saiwoyin daji, wasu suka mutu da gubarsu. A watan Oktoba na wannan shekara suka yi mummunar asara a gumurzun Mahiwa. Duk muhawarar da likitoci suke yi a London ba ta ƙetaro ta same su ba.

Bama

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗebi mutum fiye da 100,000 daga Nijeriya. An bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen ɗaukar kurata, kuma ba kowane ne ya je da son ransa ba, domin in an yanka wa dagaci adadi, to dole ya cika shi, kuma kowa ya san ba ɗan mai ƙarfi ake fara miƙawa ba. Bayan birged ta Nijeriya ta yi rawar gani a kan Italiya, ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941 ta wuce har Harar a ƙasar Habasha, sai Janar Giffard ya matsa a kai sojojin Afirka ta Yamma su kara da Japan. Hujjarsa ita ce mutanen sun saba da kurmi da zafi da ɗaukar kaya a ka. Wannan hujja ta manta cewa mutumin Gumel ko na Argungu ɗan fili ne, wanda ya saba hango gari tun daga nesa, kuma kurmin Arakan baƙo ne a gare shi kamar yadda yake ga mutumin Ingila.

An kafa runduna ta 81 a watan Maris na 1943, ta 82 kuma a watan Agusta. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne, don tunawa da Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, wanda shi ne takwaran Gizo na Hausa. Tambarin ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye bisa gammo. Gammon nan ba ado ba ne. Kowace runduna tana da dubban sojojin dako waɗanda makaminsu adda ce, aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa da waɗanda aka jikkata, a inda mota ba ta shiga, alfadari ma da ƙyar. Masana halin ɗan Adam a fagen yaƙi sun daɗe da lura cewa tsoro ya fi cin wanda ake harbi ba shi da abin ramawa, kuma wannan shi ne matsayin sojan dako kullum.

Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙarshen 1943, ita ce kuma babbar runduna ta farko a wannan fage da ta dogara kacokan ga abincin da jirgin sama yake jefowa. Da adda da diga suka fasa hanyar jif a cikin duwatsu. Ma'anar wannan tsari ga zuciyar soja a fili take: ba shi da baya. Babu wani gari da zai ja da baya ya huta, in hadari ya rufe sama babu abinci, in ya ji rauni sai an sami filin da ƙaramin jirgi zai sauka. Japanawa kuma gwanayen yaƙin dare ne, sukan zagaye sansani suna ihu da harbe-harbe don kawai su hana barci, su sa masu gadi su yi ta harbin duhu. A watan Maris na 1944 suka kawo farmakin da ya tilasta wa rundunar janyewa daga Kyauktaw. Ta sake komawa kwarin bayan damina, ta haɗu da runduna ta 82, suka ci Myohaung a watan Janairu na 1945.

Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka haɗa da rundunar Chindit ta Janar Wingate, wadda aka sauke ta jirgin sama a bayan layin Japanawa a 1944. Su suka tsare sansanin da aka yi wa laƙabi da Farin Birni, saboda fararen lemomin jefo kaya da suka rataye a itatuwansa. Shi kansa Wingate abin lura ne a wannan batu, domin a watan Yuli na 1941, a wani otel a Alƙahira, yana fama da zazzaɓin cizon sauro da baƙin ciki, ya daɓa wa kansa wuƙa a wuya. An yi jinyarsa, aka mayar da shi aiki, aka ƙara masa girma. Ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris 1944, waɗanda suka gaje shi kuma suka bar mutanensa a daji har cikin damina, fiye da wa'adin da aka tsara. Sa'ad da likitoci suka duba wata birged ta Chindit, ta 111, wadda ta ƙunshi Ingilishi da Gurka, cikin mutum wajen 2,200 ba a sami 120 da suka cancanci ci gaba da aiki ba.

Ga kuma cuta. Janar Slim, shugaban Runduna ta 14, ya bayyana cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda rashin lafiya. Maganin da aka dogara da shi don zazzaɓi shi ne ƙwayar mefakirin, wadda take mayar da fata da ido rawaya, aka kuma yi ta raɗe-raɗin cewa tana kashe mazakuta. Wannan jita-jita ba ta da tushe, amma ga saurayin da ya baro amarya ko yake tara sadaki, ba ƙaramin tashin hankali ba ne a tilasta masa haɗiyar ta kullum a gaban saje. Abin da yake da tushe shi ne, a jikin mutane ƙalilan ƙwayar takan jawo ruɗewar hankali na ɗan lokaci. Zazzaɓin da ya hau ka shi ma haka. Saboda haka sojan da aka kawo yana sambatu, yana iya kasancewa sauro ne, ko magani, ko firgita, ko duka ukun a haɗe.

Bayan yaƙin, masanan Amurka biyu, Appel da Beebe, sun buga bincike a 1946 wanda ya nuna cewa sojan ƙasa, kome jarumtarsa, ƙarfin zuciyarsa yakan ƙare bayan kwana 200 zuwa 240 na gumurzu. Watau jarumta guzuri ce, ana ci tana raguwa. Abin da yake mayar da ita shi ne hutu, da barci, da labarin gida, da sanin ranar komawa. Sojan Ingila a Bama yana da tsarin da ya ƙayyade shekarun da zai yi kafin a mayar da shi gida. Sojan Nijeriya da ya bar Ikko a 1943 bai sake ganin ta ba sai 1946, kuma wanda bai iya boko ko ajami ba sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, ya faɗi sirrin gidansa a kunnen wani. An yi ƙoƙarin rage wannan kewa. Akwai limamai a bataliyoyi, Sarkin Katsina Usman Nagogo kuma ya yi tattaki har can ya gai da su. Amma ziyara ba ta zama sallama.

Likita, tafinta da majinyaci

Kafin yaƙin, ana bukatar hafsan Bature a rundunar Nijeriya ya koyi Hausa. Da rundunar ta kumbura sai aka cika ta da sababbin hafsoshi daga Ingila da Rodeshiya, har da 'yan ƙasar Folan, aka kuma yanke cewa Ingilishi zai zama harshen umurni. Ta fuskar fareti wannan bai hana kome ba. Ta fuskar jinya kuwa ɓarna ce, domin ciwon zuciya ba a gane shi sai ta magana.

A dubi yadda Bahaushe yake faɗin damuwarsa. Yakan ce gabansa yana faɗuwa, ko jikinsa ya mutu, ko zuciyarsa tana tafasa, ko kansa ya ɗau zafi, ko ransa ya ɓaci. Kusan duka waɗannan maganganu sun rataya ne a kan gaɓoɓin jiki, amma babu mai jin Hausa da zai ɗauka ƙirji ko ƙafa ake nufi. In tafinta, wanda shi ma wataƙila Hausar bariki kaɗai yake ji, ya juya su kalma da kalma, likita zai ɗora abin aunawa a ƙirji, ya ga lafiya lau, ya rubuta ɗayan biyu: ko ƙarya ce don gudun aiki, ko histiriya. A 1945 wani likitan soja mai suna Dembovitz ya buga maƙala a kan sojojin Afirka ta Yamma a mujallar likitocin sojan Ingila, inda ya ɗauki histiriya a matsayin babbar alamar ciwon hankali a wurin Baƙar Fata. Abin da aka faɗa a kan ɗan talakan Ingila a 1916, shi aka maimaita a kan Ba'afirke bayan shekara talatin, sai dai yanzu an mayar da shi halitta.

Wannan ra'ayi ya kai ƙololuwarsa a hannun Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi. A littafin da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1953 ya kwatanta tunanin Ba'afirke da na Baturen da aka yi wa aiki aka yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa. Likitocin wannan mazhaba sun yi imani cewa ciwon baƙin ciki mai tsanani da wuya ya kama Ba'afirke. Dalilin kuskurensu ba boyayye ba ne. Majinyatan da suke gani su ne waɗanda 'yan sanda suka kamo don sun ta da hankalin jama'a. Wanda ya shige ɗaki ya daina magana ya daina cin abinci, ba mai kai shi gaban Bature. Ba za a ce launin fata ne kaɗai ya jawo wannan taurin kai ba, domin a watan Agusta na 1943 Janar Patton ya mari sojojin Amurka biyu a asibiti a Sisili yana kiran su ragwaye. Bambancin shi ne an tilasta wa Patton ya nemi gafara.

Dawowa gida

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma ƙarancin jiragen ruwa ya sa sojojin Afirka suka yi watanni a sansanonin Indiya da Bama suna jira. Da suka iso an tarye su da kiɗa. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, wadda ta ɗauki dawowar tasu ta mayar da ita kira ga neman 'yanci. Masu tarihi sun bi wannan sawu, sun fi mai da hankali ga tambayar ko tsofaffin sojoji sun taimaka wa siyasar neman mulkin kai. Lalle akwai abin faɗa a nan. A Ankara, babban birnin Gwalkwas, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji uku da suke maci zuwa fadar Gwamna don kai kukan haƙƙinsu, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta 'yancin Gana. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni, domin ranar 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wuta a kan sojojin Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, mutanen da suka fito daga hannun Jamus a matsayin fursunoni suna neman kuɗinsu, kuma sai a 2024 Shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. Amma wanda ya yi maci shi ne wanda ya dawo da ƙarfinsa. Wanda ya dawo ba ya iya barci, siyasa ba ta da amfani da shi.

Me ke jiran irin wannan a Arewa? Gidajen mahaukata na Gwamnati suna Kudu, na Kalaba tun 1904, na Yaba tun 1907, kuma Dokar Mahaukata ta 1916 doka ce ta tsarewa, ba ta magani ba. A lardunan Arewa wanda ya gagari danginsa gidan yarin En'e ake kai shi, a ware masa ɗaki. Saura kuwa gida ne ya ɗauke su, da irin kayan aikin da yake da su. Hausa tana da kalmomi masu hawa-hawa a wannan fage: akwai firgita da razana, akwai zautuwa, akwai taɓuwa da motsi, sa'an nan hauka tuburan. Ana kuma neman sanadi a waje da mutum, ko iska, ko sammu, ko alhakin jinin da aka zubar. Malami yakan ba da rubutu da tofi da turare, 'yan bori su yi girka, in abin ya yi tsanani a sa mari. Kome za a ce game da ingancin waɗannan hanyoyi, kuma marin nan azaba ce ba magani ba, fassarar tana da wata fa'ida guda wadda ta likitan soja ba ta da ita. Wanda aka ce iska ta buge shi ba a ce masa rago ba, ba a kuma ce maƙaryaci ne ba. Mutuncinsa yana nan, danginsa kuma suna da abin yi.

A nan ya dace a ɗan ratse a dubi wani abu da ya faru a ƙasar Nijar. Wajen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana waɗanda aka kira Hauka ko Babule. Wanda suka hau yakan ƙame, ya yi fareti, ya sara, ya riƙa ba da umurni da muryar hafsa. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya kama mabiyansu ya kulle, sai ga shi shi ma an mayar da shi iska a cikinsu, ana kiransa Kwamanda Mugu. 'Yan ci-rani suka kai abin Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa a 1954, kuma a borin ƙasar Hausa ma akwai iskokin Turawa masu muƙaman soja. Kuskure ne a ce wannan al'amari ciwon tsofaffin sojoji ne, domin yawancin masu yinsa ba su taɓa sa kaki ba. Abin da yake nunawa shi ne, tun kafin likitoci su yarda cewa bariki yana iya shiga kan mutum, jama'a sun riga sun ba wannan shiga suna da siffa da kiɗa. Karin maganar nan da ake cewa soja marmari daga nesa ta fito ne daga irin wannan sani.

Daga Lantoro zuwa Aro

A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya komo daga Ingila, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a wannan fanni, ya karɓi ragamar Aro. Maimakon ya jira a gama gini, sai ya shirya da ƙauyukan da ke kewaye su sauki majinyata, kowane tare da wani danginsa, su zo asibiti da rana su koma cikin mutane da dare. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A rubuce-rubucensa ya yi kaca-kaca da ra'ayin su Carothers, binciken da ya yi tare da masanan Jami'ar Cornell, wanda aka buga a 1963, ya nuna cewa damuwa da baƙin ciki suna nan a ƙauyukan Yarabawa kamar yadda suke a ƙauyukan Kanada. Abin da Lambo ya mayar ilmi shi ne abin da iyalan sojojin Bama suka yi bisa tilas shekara goma kafin nan, watau jinya a tsakiyar dangi da harshen da majinyaci yake mafarki da shi.

Sunan da duniya take amfani da shi yanzu, watau ciwon damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, bai shiga littafin likitocin Amurka ba sai a 1980, bayan matsin lambar tsofaffin sojojin Biyetnam. Kafin nan Nijeriya ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, rundunarta ta tashi daga wajen mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Ɗan wani tsohon sojan Bama, Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, shi ya mayar da labarin Chindit ƙagaggen littafi a 2007, ya ɗora shi a kan wani yaro mai jin Hausa da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. A watan Mayu na 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojojin da aka kawo musu gawawwakin 'yan'uwansu suka buɗe wa motar kwamandansu wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumba, a watan Disamba na 2015 kuma aka sassauta shi zuwa ɗaurin shekara goma. Ita kuwa dokar 1916, wadda a ƙarƙashinta aka tsare mutanen Lantoro, an sabunta ta a 1958 ba tare da an sauya ruhinta ba, ta ci gaba da aiki har zuwa watan Janairu na 2023, sa'ad da aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa.